Gulbin Gindi: Ruwan da Ke Wuce Jega Babu Mai Ba Baƙo Labarinsa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa birnin Gwanju na ƙasar Sin sarin kaya ya riƙe takardar yuwan 20 a hannunsa, ko da bai tsaya ya ƙare mata kallo ba. A bayan takardar akwai hoton wani kogi, da masunci shi kaɗai a kan ɗan jirginsa, da dogayen duwatsu tsaye cirko-cirko har iyakar gani. Wurin yana nan a zahiri. Kogin Li ke nan, a yankin Gwangshi da ke kudancin ƙasar, kusa da wani tsohon gari mai suna Shingpin. Kowace safiya jiragen ruwa na tashi a jere daga mashigin da ke wajen birnin Gwilin su gangara Yangshuwo. Tsakanin garuruwan biyu ta ruwa kilomita 83 ne. Baƙo kan shafe awa huɗu zuwa biyar yana zaune yana kallo, a cikin jirgin ma ake ba shi abincin rana.

Kowane jirgi da ɗan jagoransa. Shi ke cewa a dubi can, ga katangar dutsen da ake ce akwai siffar dawaki tara a fuskarta, kowa ya gwada ya ga nawa zai gano. Shi ke sanar da an iso inda aka ɗauko hoton kuɗin, sai ka ga mutane sun miƙe suna ɗaga takardar suna gwada ta da duwatsun. A gefen ruwa akwai tsofaffin masunta masu kamun kifi da wani baƙin tsuntsun ruwa, wanda suke ɗaure wa zare a wuya don kada ya haɗiye babban kifi. Yawancinsu yau masu ɗaukar hoto ne ke ciyar da su, ba kifin ba. A 2014 hukumar UNESCO ta sa duwatsun Gwilin cikin wuraren gado na duniya, kuma miliyoyin mutane ke zuwa yankin duk shekara.

Jega ce ta sa na kawo wannan labari. Mota kan taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal da Aliero, ta ratsa Jega, ta hau gada ta nufi Maiyama da Koko da Yawuri. Fasinja su leƙa ta taga, wani ya ce, "Kai, bana gulbi ya kawo," shi ke nan an wuce. Wannan ruwa shi ne Gulbin Zamfara, wanda a nan ake kuma kira Gulbin Gindi. Ya ratso jihar Zamfara ta ƙasar Anka da Gummi, ya shigo Kebbi, ya gifta Jega, ya je ya zuba a Gulbin Kabi kudu da Birnin Kebbi, daga can kuma sai Kwara.

Ba a saba jin an biya kuɗi an shiga jirgi a wannan gulbi don kallo kaɗai ba. Jirgi a nan na fito ne: manomi zai haye gonarsa, mace za ta kai kaya kasuwa, masunci zai duba komarsa. Amma wanda ya san ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ya san akwai abin nunawa, akwai kuma mutanen da suka san shi ciki da bai. Abin da aka rasa shi ne mai haɗa baƙo da su cikin tsari, a jirgin da uwa za ta bar ɗanta ya shiga hankalinta kwance.

Ƙasar da teku ta bari

Gara a faɗi gaskiya tun da wuri: irin duwatsun Gwilin babu su a Jega. Na Gwilin dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi, kuma ruwan sama ne ya sassaƙe su. Ruwa idan ya sauko yakan kwaso iskar kabon daga sama da cikin ƙasa, sai ya ɗan yi tsami. Tsamin bai kai harshe ya ji ba, amma ya isa ya riƙa narkar da farar ƙasa a hankali. Yana bin tsaga yana faɗaɗa ta, kamar yadda ruwan indararo ke cin gindin katanga damina bayan damina, har tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo, rufin kogo ya rufta, abin da ya fi tauri ya rage a tsaye. Masana kimiyyar ƙasa na kiran irin wannan shimfiɗa kast. A Gwilin dutsen tsoho ne ƙwarai, ya haura shekara miliyan 300, ga tauri, kaurinsa kuma ya wuce mita dubu. Ruwan saman da suke samu a shekara ya ninka namu fiye da sau biyu. Da waɗannan suka haɗu ne aka sami abin da duniya ke tururuwar gani.

Mu ma muna da dutsen farar ƙasa, kuma labarinsa ba ƙarami ba ne. Shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, wani hannun teku ya ratso ta inda hamadar Sahara take yanzu ya kwanta a kan ƙasar Sakkwato da kewayenta, har kudancin Nijar. Halittu masu ɓawo suka rayu a ciki, suka mutu, ɓawonsu ya taru a ƙasan ruwa ya daskare. Shi ne dutsen da ake fasawa a Kalambaina ta Sakkwato, inda aka kafa kamfanin siminti a 1962, ya fara aiki a 1967, yanzu kuma yake hannun kamfanin BUA. Mai haƙuri idan ya duba ɓaraguzan wurin zai ga siffar kumbar halittun teku a jikin dutse. A ƙasar Goronyo kuwa an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, masana suka sa masa suna Goronyosaurus. Dutsen namu siriri ne, da mitoci goma-goma ake auna kaurinsa, shi ya sa bai tsaya ya yi hasumiya ba. Duk da haka ruwa ya huda shi ya yi hanyoyi a ciki, kuma daga irin waɗannan hanyoyi ne maɓuɓɓugan da ke ciyar da tafkin Kware suke fitowa.

Da teku ta janye, koguna suka zubo yashi da laka suka rufe abin da ta bari. Wannan shimfiɗa ta sama masana sun sa mata sunan Gwandu, ita ce mutumin Jega da na Aliero ke takawa. Tuddan nan masu shafaffen kai da ake hangowa daga hanya, jan dutse mai ƙarfe ne ya rufe kawunansu, shi ya hana ruwa cinye su alhali ƙasar da ke kewaye da su ta zaizaye ta tafi. Ashe su ma aikin ruwa ne. Yaron sakandare a Maiyama yana haddace irin wannan bayani a littafi da misalan wasu ƙasashe, da wuya a kai shi gindin tudun garinsu a ce masa ga abin nan da ka karanta. Wannan yana damuna fiye da rashin baƙi daga Turai.

Daga mashigi

Lokacin shiga gulbin nan gajere ne. Da tsakiyar damina, Agusta zuwa Satumba, ruwan jajawur yake, yana gudu da itace da kara, yana cin gaɓa. Ba lokacin kai baƙo ba ne ko kusa. Da bazara kuma ya janye ya bar rairayi fili, a wasu wuraren da ƙafa ake hayewa. Tsakanin nan ne, daga Oktoba zuwa wajen Disamba, ruwa ke kwantawa, shinkafa ta nuna a fadama, ƙurar hunturu ba ta riga ta rufe ido ba. Wannan ba aibi ba ne. A Kogin Li ma idan ruwa ya yi ƙasa da sanyi sai a rage tsawon tafiyar.

Idan ka iso mashigi da sassafe, jirgin da za ka tarar na katako ne, dogo, siriri, an toshe tsagoginsa da tsumma da kwalta. A tsakiya akwai ɗan yaro da yankakkiyar jarka yana kwalfe ruwan da ya tsattsafo. Mai jirgi na tsaye a baya da gwangwala. Maganarsa ba ta da yawa: "Ku zauna tsakiya. Kada wanda ya miƙe." Kowa ya yi addu'ar shiga jirgi, ya dafa gaɓa da gwangwalar ya tura, gari ya fara ja da baya. Inda ruwa bai da zurfi da gwangwala yake tuƙi, yana kafa ta a rairayi yana bin ta da hannu har ƙarshenta. Da ta daina samun ƙasa sai ya ajiye ta a tsawon jirgi, ya zauna ya ɗauki filafili.

Ka lura da idonsa. Ba ya kallon abin da kake kallo, fuskar ruwa yake karantawa. Inda ta yi sumul ta yi duhu, gurbi ne mai zurfi. Inda take ƙananan tsalle-tsalle, rairayi ne ya taso kusa. Inda ruwa ke rabuwa biyu yana sake haɗewa ba tare da an ga komai ba, kututture ne kwance a ƙasa, sai ya kauce tun da nisa. Hanyar bara ba lallai ta zama ta bana ba, domin kowace ambaliya na kwashe rairayi daga nan ta jibge shi can. Wannan karatu ba a makaranta aka ba shi ba. Tun yana yaro mai kwalfe ruwa yake ɗaukarsa a bayan ubansa, kuma babu takardar da ta rubuta shi.

Can gaba ga masunci tsaye a goshin jirginsa da birgi. Ya rataya wani sashe a gwiwar hannu, ya tattara sauran a yatsu, ya ɗan karkata, ya juya ƙugu ya saki. Birgin ya buɗe a iska ya faɗa ruwa a zagaye, dalmar da ke bakinsa ta ja shi ƙasa. Ba ya gaggawar jawowa. Hannu bayan hannu yake tattaro igiya har bakin ya haɗe, sannan ya ɗago ya zazzage a cikin jirgi: karfasa biyu-uku, 'yan kawara, da kurungu ɗaya da ke ta gurnani ya baje ƙayoyinsa. Sai ya kama shi ta bayan kai, ya karya ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya kafin ya jefa shi a ƙwarya, domin wanda kurungu ya taɓa soka ba ya mantawa. A gefen ciyawa kuma ga mali an girke da dusa a ciki ana jiran tarwaɗa. Tambayi wannan mutum labarin gaiwa, yadda take shigewa laka idan ruwa ya ƙafe ta kwana a ciki wata da watanni har damina ta dawo, ka ji bayanin da malamin kimiyya zai so a ce ɗalibansa sun saurara.

Gaɓa kuwa ba ta zama iri ɗaya. Nan giginya da goruba, can mangwaro ya rufe wani ƙauye sai hayaƙi ke nuna akwai mutane. Gawo na fitar da sabon ganye daidai lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubar da nasu. Zalɓe na tsaye a ruwa ba ya motsi, balbelu na bin shanu, kirinjijiya na tashi garke guda da fito. Idan ka dace sai ka ga Bafillace na fitar da shanunsa, babban sa a gaba, ba abin da ake gani sai ƙaho da hanci da tozo, shi kuma yana riƙe da wutsiyar ta ƙarshe. A bayan duk wannan akwai ƙarar injin ban ruwa, wadda a fadamun Kebbi ta zama sautin rani.

Abin da gaɓar nan ta gani

Ko da babu tsuntsu ko ɗaya, tarihi kaɗai ya isa a shiga jirgin dominsa. Ba nisa da Jega ta yau Gimbana take, garin da Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna da jama'arsa bayan ya bar ƙasar Gobir. A ƙarshen 1803 Sarkin Gobir Yunfa ya tura runduna ta afka wa garin, aka kashe na kashewa, aka kama na kamawa. Da aka bi da kamammun ta kusa da Degel, mutanen Shehu suka kwance su. Daga nan zama ya gagara. A Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, jihadi ya tashi, taswirar ƙasar Hausa ta sake baki ɗaya. Duk ɗalibin tarihi ya san Degel da Gudu da Tafkin Kwato, amma ƙyastun da ya kunna wutar a wannan yanki aka buga shi.

Malam Abdussalami daga baya ya zauna a Kware, saɓani ya shiga tsakaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har aka kai ga yaƙi, ya rasu a farkon 1818. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega wajen 1820 a ƙarƙashin Gwandu. Shi ya sa har yau ake jin sunan Gimbanawa a garin, sarautar kuma ita ce Sarkin Kabin Jega. Wannan tarihi yana da wuraren da ke buƙatar a taka a hankali, kuma dattawan garin su suka fi kowa sanin yadda ake faɗinsa ba tare da an ci zarafin kowa ba.

Kafin ƙarni na 19 ya ƙare Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular. Fataken da ke zuwa Gwanja neman goro suna yada zango a nan. Gishirin Foga da kanwa da tufafi da dawaki suna sauya hannu, har da bayi, kuma ɗan jagora na gari ba zai tsallake wannan ba don ya faranta wa mai sauraro. Ruwan nan yana cikin abin da ya ba garin wannan matsayi, domin idan ya cika jirgi na iya gangarawa Gulbin Kabi ya faɗa Kwara ya nufi Yawuri da ƙasar Nufe. Titin mota ya karɓe wannan aiki, gari ya juya wa gulbinsa baya.

Albasa, ɗori da jami'a

Garin Aliero ba a bakin gulbi yake ba, amma baƙon da ya sauka daga jirgi da hantsi, ɗan gajeren zango ne a mota ya kai shi. Sunan Aliero da albasa ba sa rabuwa. Ana yafa iri, a yi dashe a fangali idan sanyi ya shigo, a yi ta ban ruwa har ganye ya kwanta, sannan a cire a shanya. Mai hali ya zuba tasa a rudu ya jira farashi, marar hali ya sayar nan take lokacin da kasuwa ta cika ta yi arha. Wanda ya ajiye ma ba ya tsira da duka, zafi da ruɓa sai sun ci rabonsu. Manyan motoci na lodi a nan su nufi kudu, har da ƙasashen maƙwabta. Mutumin Legas da ke yanka albasar nan kullum, da za a tsayar da shi a gaban rudu a nuna masa yadda ake juya ta ana tsince ruɓaɓɓiya, da ya san abin da yake saya. Garin ya kuma yi suna da masu ɗori, ana kawo masu karaya daga nesa. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a 2006 zamanin Gwamna Adamu Aliero, da malaman aikin gona da na kimiyya, da ɗaliban da suka zo daga jihohi dabam-dabam, da yawansu har su gama ba su san abin da ke bayan gadar Jega ba.

Maiyama kuwa, a ƙetaren gulbi ta kudu, da garuruwanta irin su Andarai da Mungadi da Sambawa, ƙasar gero da dawa ce a tudu, shinkafa a fadama. A Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015, fadamun jihar suka cika da injuna. Ambaliyar 2020 kuma ta zo ta shafe gonaki masu ɗimbin yawa, Jega da Maiyama na cikin inda ta taɓa. Ruwan da ke ciyar da mutanen nan shi ke cinye musu guminsu wasu shekarun, kuma ba su da inda za su kai ƙara.

Ruwa ba ya wasa

A nan ne maganar take da nauyi. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya karye a Kwara tsakanin jihar Neja da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski. Waɗanda suka tsira kaɗan ne. A Satumban 2024, a Gummi, can sama a wannan gulbi namu, jirgin manoma da ke hayewa gona ya kife, gomman mutane suka rasu. Tsakanin waɗannan manyan haɗura akwai ƙanana da ba sa kaiwa jarida: mutum uku a nan, yara biyar a can, a yi jana'iza, a yi ta'aziyya, gobe a sake cika wannan jirgin.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Jirgin mutum ashirin a zuba masa arba'in, a ɗora babur da buhuna. Katako ya ruɓe ba a sake ba. A tashi bayan magariba babu fitila. Kuma kusan babu mai rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare da lodin wuce kima, ta kuma wajabta sa rigar. Doka tana nan a rubuce, amma tsakanin Lokoja da mashigin ƙauye akwai nisa. Mai jirgi ma ba mugu ba ne. Kuɗin fito kaɗan ne, fasinja na tsaye suna roƙo rana za ta yi, wanda ya ce a jira zagaye na biyu shi ake wa kallon mai tsaurin kai. Mutuwa ta Allah ce, babu musu, amma wanda ya ga ruwa ya kai yatsa huɗu da bakin jirgi ya ce a ƙara mutum ɗaya, akwai tambaya a kansa.

Saboda haka ban yarda a fara maganar baƙi da hoto ba alhali mai fito na kullum bai tsira ba. Abin da ya sa mutum ke kai iyalinsa Kogin Li hankali kwance shi ne an san adadin da kowane jirgi ke ɗauka, an san mai tuƙi, kuma a ƙananan jiragen ba a tashi sai kowa ya ɗaura riga. Su ma ba haka suka taras ba. A shekarun 1970 dattin masana'antu ya ɓata kogin, sai da hukuma ta rufe wasu ta kawar da wasu. Namu dattin leda ne da ake zubarwa a gaɓa, da maganin feshi da ke gangarowa daga gonaki, da masu zuba guba a gurbi su kwashe kifi babba da ƙarami a rana ɗaya.

Ba sai an je nesa neman misali ba

Argungu ta riga ta nuna ana iyawa. Bikin kamun kifi ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, ya kuma dawo a 2020 bayan ya yi shekaru a kwance. Ƙarfinsa na hannun Sarkin Ruwa da masunta: su ke hana taɓa gulbin Matan Fada sai ranar da aka ba da izini, su ke da homa da gora, su ke wasannin kabanci. Yawuri ma na da rigatarta. Jega ba ta buƙatar gasa da su. Bikin Argungu na kwana huɗu ne, abin da gulbin Jega zai iya bayarwa kuwa tafiyar safiya ce mai natsuwa, wata biyu ko uku a jere.

Baƙon farko ba Bature ba ne, kuma bai kamata a jira shi ba, musamman yadda labarin rashin tsaro a wasu sassan jihar ke sa na nesa ja da baya. Baƙon farko ɗalibin sakandare ne daga Maiyama da malaminsa, da ɗalibin jami'ar Aliero, da ma'aikacin Birnin Kebbi ko Sakkwato da ke neman inda zai kai iyalinsa ranar hutu, da ɗan Jega da ke zaune Abuja wanda 'ya'yansa ba su taɓa shiga kwale-kwale ba. Waɗannan ba otal suke nema ba. Jirgi mai lafiya suke so, da benci da rumfa, da wurin zaman mata a mutunce, da farashi sananne, da tafiyar da za ta ƙare kafin azahar.

Ɗan jagora kuwa ba sai an ɗauko shi daga wani gari ba. Mai gwangwalar nan shi ne, da Sarkawa da sauran masunta da suka gaji ruwan. Abin da ya rage a zauna da su, malamin jami'a ya ƙara musu labarin dutse da teku, dattijon fada ya ƙara musu na Gimbana da kasuwa, su kuma su koya wa malamin sunan kowane gurbi da kowane kifi a rubuta kafin masu sanin su ƙare. Kuɗin da baƙo ya biya ya shiga aljihunsu kai tsaye. Idan aka mai da abin kwangila, aka sayo jirgin inji daga birni aka ɗora wani a kai, an kashe shi tun kafin ya tashi, domin ƙarar inji za ta kori tsuntsayen, mai sanin ruwan kuma ya koma ɗan kallo a gaɓarsa.

Kirana ga masarautar Gwandu da fadar Sarkin Kabin Jega, da shugabannin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, da gwamnatin jihar Kebbi: kafin ruwan bana ya kwanta, a ƙirga jiragen da ke kowane mashigi tare da sarakunan ruwa, a rubuta wa kowane jirgi adadin mutanen da zai ɗauka a jikinsa da fenti, a ajiye rigunan kariya a hannun wanda za a tambaya idan sun ɓace. Manomin da ke fito kullum shi ya kamata ya fara ɗaura rigar. Idan wannan ya zauna, a ware jirgi biyu ko uku, a gayyato ajin farko na 'yan makaranta.